Kunne Aiki Biyu Yake Yi, Amma Ɗaya Kawai Muke Aunawa

Kwanakin baya ina zaune a ɗakin jira na wani asibitin yara, sai wata mata ta shigo ɗauke da ɗanta a kafaɗa. Yaron ya kusa cika shekara biyu, kuma a ido lafiyarsa ƙalau, yana bin kowa da kallo yana murmushi. Amma da ta sauke shi ƙasa, sai ya kama ƙafar kujera da hannu biyu, ya ware ƙafafunsa, ya ƙi saki. Uwar ta ce har yanzu bai fara tafiya ba, kuma a 'yan watannin nan idan aka kira shi daga baya ba ya waiwayowa sai an ɗaga murya.

Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta ce: "'Yata, kwantar da hankalinki, kowane yaro da lokacinsa. Ba a auna masa kunne ba da aka haife shi?" Uwar ta ce: "An auna, Mama, an ce lafiya lau." Dattijuwar ta ce: "To shi ke nan, ƙyuya ce kawai irin ta yara."

Abin da ke damun wannan yaro likitansa ne zai faɗa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "shi ke nan" ɗin, domin da kyakkyawar niyya aka faɗe shi, kuma irinsa ne ke sa iyaye su koma gida su zauna jira har lokacin da ya fi amfani ya wuce. Akwai wata ƙwayar cuta da ake haihuwar jarirai da ita, wadda ke iya barin jariri ya ci gwajin ji na ranar haihuwa, sannan ta riƙa cin jinsa a hankali bayan watanni ko shekaru, ta kuma lalata sashen kunnen da ke riƙe da daidaiton jiki. Sunanta saitomegalobairas, ana taƙaita shi da CMV.

Ra'ayina shi ne ya kamata a riƙa gwada jarirai a kan wannan ƙwaya a cikin kwanaki 21 na farkon rayuwarsu, kuma duk wanda aka same shi da ita a ci gaba da bibiyar jinsa da daidaiton jikinsa tare har ya kai shekarun shiga makaranta. Na san akwai masu ja da wannan magana, cikinsu har da likitoci masu hankali da sanin aiki, kuma hujjojinsu sun cancanci a amsa su.

Ƙwayar da kusan kowa ke ɗauke da ita

CMV 'yar gida ɗaya ce da ƙwayar da ke kawo ƙarambau. Akasarin mutane suna kamuwa da ita a wani lokaci na rayuwa ba tare da sun ko ji a jikinsu ba, daga nan kuma sai ta kwanta a jiki har abada. Tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da nono da jini da kuma saduwa, kuma ƙananan yara ne suka fi zubar da ita, domin yaron da ya kamu yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, tana fita a yawunsa da fitsarinsa. Ga babban mutum mai lafiya ba wata barazana ba ce. Haɗarin yana zuwa ne idan ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tayi, musamman a watanni uku na farkon ciki.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ƙiyasta cewa jariri 1 cikin kowane 200 ana haihuwarsa da CMV, kuma 1 cikin 5 na waɗannan yakan samu matsala mai ɗorewa. A ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga adadin ya fi haka yawa. Kusan kashi 10 cikin 100 na jariran ne kawai ke nuna alama a lokacin haihuwa, kamar ƙaramin kai, shawara, kumburin hanta da saifa, ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata. Sauran kashi 90 ɗin ana haihuwarsu kamar kowane jariri, kuma a cikinsu ne kashi 10 zuwa 15 ke samun raunin ji. Idan aka ware kurumtar gado, babu abin da ya kai wannan ƙwaya jawo wa yara kurumtar da ke tasowa daga can cikin kunne.

"Ai an riga an auna masa kunne"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ita ce ta dattijuwar nan. Gwajin ji na jarirai abu ne mai matuƙar amfani, kuma ba na so kowa ya fahimci maganata a matsayin raina shi. Sai dai gwajin yana faɗin halin da kunne yake ciki ne a ranar da aka yi shi kawai. Kurumtar CMV kuwa tana da halaye da suka saɓa wa wannan tsari: takan zo a makare, takan ƙaru a hankali, takan yi sauƙi ta sake tsananta, kuma sau da yawa kunne ɗaya take fara kamawa. Yaron da kunnensa ɗaya ke aiki yana amsa kira, yana koyon magana, don haka ba wanda ke zargin komai, har sai an lura cewa a cikin hayaniya ba ya gane abin da ake faɗa, ko kuma ba ya sanin ta inda sauti ke fitowa.

An yi wani babban bincike a asibitoci 7 na Amurka a kan jarirai kimanin 100,000, aka buga sakamakonsa a 2017. An gano cewa gwajin ji na haihuwa ya kama kashi 57 ne kacal cikin 100 na jariran da CMV ta riga ta taɓa jinsu tun a farkon rayuwa. Sauran kashi 43 ɗin sun ci gwajin an sallame su. Wannan bai ma haɗa da waɗanda jinsu zai lalace daga baya ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan kwanaki 21 shi ne, bayan wannan lokaci ƙofar tabbatarwa takan rufe. Jariri yana iya ɗaukar ƙwayar a wajen haihuwa ko ta nono, kuma bayan mako uku za ta fara bayyana a fitsarinsa, ta yadda ba za a iya bambance wanda ya zo da ita daga ciki da wanda ya same ta a waje ba. Bambancin nan kuwa yana da muhimmanci ƙwarai, domin jaririn da ya cika watanninsa ya kamu ta nono galibi ba ya cutuwa, shi ya sa ba a hana shayarwa saboda CMV. Wanda ya kamu tun yana ciki shi ne ke cikin haɗari. Gwajin kansa ba wuya gare shi: ana goga ɗan auduga a bakin jariri a yi gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar a cikin yawu, idan ya nuna akwai ƙwayar sai a tabbatar da fitsari. Idan aka bari yaro ya shekara biyu kafin a fara tambayar dalilin kurumtarsa, sai dai a koma neman busasshen ɗigon jinin da aka ɗauka daga dundunniyarsa a lokacin haihuwa, in har an ajiye, kuma shi ma ba kullum yake nuna ƙwayar ba.

Rabin kunnen da aka manta da shi

Nan ne na fi so in daɗe, domin shi ne ɓangaren da ko a tsakanin ma'aikatan lafiya ba a cika tattaunawa a kansa ba. A can cikin kunne, a cikin ƙashin kai, akwai sassa biyu maƙwabtan juna da ruwa ɗaya ke gudana a cikinsu. Ɗaya mai siffar katantanwa ne, shi ke karɓar sauti. Ɗayan kuma ya ƙunshi wasu bututu uku masu lanƙwasa da wasu 'yan jakunkuna biyu, aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata, da saurin juyawarsa, da ko jiki yana gaba ne ko baya, sama ko ƙasa. Ƙwayar da ta shiga wannan ɗaki ba ta da dalilin taɓa ɗaya ta ƙyale ɗaya.

A 2015 likitoci a birnin Faris suka buga nazarin da suka yi a kan yara 52 da aka haifa da CMV, inda suka samu 48 daga cikinsu da raunin ji tare da matsala a sashen daidaito, kuma 16 sun rasa aikin wannan sashe gaba ɗaya a kunnuwan biyu. Gaskiya ne waɗannan yara ne da aka riga aka tura asibiti saboda an ga matsala, don haka ba za a ce haka duk masu CMV suke ba. Amma binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe ya nuna cewa sashen daidaito yana iya lalacewa ko da jin yaron lafiya lau yake, kuma shi ma lalacewarsa tana iya zuwa a makare ta riƙa ƙaruwa.

Babban mutum idan wannan sashe ya samu matsala zai ce yana jin jiri ko hajijiya. Jariri ba zai faɗa ba, kuma wanda aka haifa a haka bai taɓa sanin yadda tsayuwa daidai take ba balle ya yi ƙorafi. Jikinsa ne ke magana a madadinsa. Yakan makara wajen tsai da wuya, ya makara wajen zama, ya daɗe yana rarrafe, ya wuce wata 18 bai saki hannu ya taka ba. Idan ya fara tafiya sai ya riƙa ware ƙafafu, yana yawan faɗuwa, musamman a cikin duhu ko a wurin da ƙasa ba ta daidaita ba, domin da idanu da tafin ƙafa yake rama abin da kunne ya kasa yi masa, kuma da zarar an ɗauke haske ya rasa madogara.

Akwai kuma wani aiki na wannan sashe da mutane da yawa ba su sani ba. Shi ne ke riƙe idanu su tsaya a kan abu ɗaya yayin da kai ke motsi. Kowa na iya gwadawa: ka kafa ido a kan wata kalma ka riƙa girgiza kai, za ka ga kalmar tana nan daram. Yaron da ya rasa wannan, duk motsin da kansa ya yi sai duniya ta yi rawa a idonsa. Ka yi tunanin irin wannan yaro a cikin aji, yana ɗaga kai ya dubi allo, ya sunkuya ya dubi littafi, sau ɗari a rana, kowane karo sai ya jira rubutu ya daina rawa. Zai gaji kafin sauran yara, zai yi jinkirin kwafar aiki, kuma malaminsa zai rubuta cewa ba ya mai da hankali. A filin wasa shi ne wanda ya kasa koyon keke, wanda ba a zaɓa idan za a raba 'yan ƙwallo. Yana jin ana kiransa rago ko sakarai, alhali yana yin ƙoƙarin da ya ninka na takwarorinsa don kawai ya tsaya da ƙafafunsa. Wannan zalunci ne da ba wanda ya yi niyyarsa, kuma rashin sani ne kaɗai ya haife shi.

Har ila yau akwai batun tsira da rai. Yaron da sashen daidaitonsa ya mutu a kunnuwan biyu, idan ya nutse a ruwa yana iya rasa sanin ina ne sama, ko da ya iya iyo. Iyayen da aka sanar da su za su sa ido, waɗanda ba a sanar ba kuwa babu yadda za su yi su sani.

Masu cewa "ai a ƙarshe zai yi tafiya" suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin galibin waɗannan yara suna tashi su yi tafiya, ƙwaƙwalwar yaro tana da baiwar neman wata hanya. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma atisayen da ƙwararrun fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, ke koyarwa, wanda ke horar da ido da ƙafa su ɗauki nauyin aikin, ya fi tasiri idan an fara shi da wuri. Sanin dalilin jinkirin ma kansa magani ne, domin yana hana a yi ta yawo da yaro daga wannan gwaji zuwa wancan ana neman ciwon ƙwaƙwalwa ko na tsoka. Gwajin kuma yana nan. A yankin Filandas na ƙasar Beljiyam, tun daga 2018 duk jaririn da aka tabbatar yana da raunin ji mai ɗorewa ana auna sashen daidaitonsa idan ya kai wata shida, ta hanyar ɗora wata 'yar na'ura mai jijjiga a bayan kunne a ga yadda tsokar wuya ke amsawa. Ba ya ciwo, kuma cikin ɗan lokaci ake gamawa.

"Za a tayar wa iyaye hankali a banza"

Wannan hujja ita ce ta fi nauyi a wurina, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. Idan aka gwada kowane jariri, mafi yawan waɗanda za a samu da ƙwayar ba abin da zai same su, amma iyayensu za su shafe shekaru suna kai su gwaji da fargaba a zuciya. Wannan nauyi ne na gaske.

Sai dai ina ganin yawancin fargabar daga yadda ake isar da labarin take fitowa. Uwar da aka ce mata "an samu cuta a jikin ɗanki" aka juya aka tafi, dole ta kwana ba barci. Wadda aka zaunar da ita aka ce mata cikin yara goma irin nata, takwas ko tara ba sa samun matsalar ji, kuma za a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci don idan wani abu ya taso a tare shi da wuri, za ta koma gida da abin da za ta riƙe. Sannan a auna wannan damuwa da ta uwar da ta gano a shekara ta huɗu cewa ɗanta ya daɗe ba ya ji sosai, maganarsa ta tsaya, kuma an wuce lokacin da za a iya gaya mata dalili. Ni dai na san wadda zan zaɓa a cikin biyun.

"Tunda ba ta warkewa, mene ne amfanin sani?"

Gaskiya ne babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki, kuma har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. Amma akwai maganin sha mai suna balgansiklobir da ake ba jariran da suka zo da alamun cutar, kuma binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa shan sa na wata shida, idan an fara a watan farko, yana ɗan inganta ji da bunƙasar ƙwaƙwalwa fiye da shan mako shida. Amfaninsa matsakaici ne, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka sai ana bibiyar jinin yaron, kuma ba a ba da shi ga jaririn da ba shi da alama kuma jinsa lafiya yake. Duk da haka, wanda ba a gano da wuri ba ya rasa ko da damar a tattauna ba shi maganin.

Amfani mafi girma ma ba a kwalbar magani yake ba. Shekaru uku na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke gina harshe, kuma yaron da aka gano raunin jinsa da wuri aka sa masa na'urar taimaka wa ji, ko aka dasa masa na'ura a cikin kunne idan kurumtar ta yi tsanani, ko aka fara masa maganar hannu tun yana ƙarami, ba ya zama ɗaya da wanda ya shafe waɗannan shekaru a cikin shiru ba wanda ya sani.

Batun kuɗi

Za a ce akwai cututtukan da ke kashe yara nan take, kuma asibitoci da yawa a duniya ko gwajin ji na jarirai ba su fara ba. Na yarda, kuma ba na cewa kowa ya fara daga mataki ɗaya. Jihar Yuta ta Amurka ta fara ne a 2013 da dokar gwada jariran da suka faɗi gwajin ji kawai. Lardin Ontariyo na Kanada ya koma gwada kowane jariri a 2019, jihar Minesota ta Amurka ta bi sahu a 2023. Inda hali bai kai ba, a fara da jariran da suka faɗi gwajin ji, da masu ƙaramin kai, da waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi ba tare da wani dalili bayyananne ba. Na'urorin PCR sun yawaita tun lokacin annobar korona, kuma an nuna cewa ana iya haɗa yawun jarirai da dama a gwaji ɗaya, sai idan ya nuna ƙwayar a koma a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu abubuwan kuma ba sa cin ko sisi. Duk wanda ke duba kunnen yaro yana iya tambayar uwa yaushe ya tsai da wuya, yaushe ya zauna, yaushe ya taka, kuma yana iya sa yaro ɗan shekara biyar ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe ya gani.

Abin da ya kamata a gaya wa mai juna biyu

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mata da yawa suna gama zuwa awon ciki ba tare da sun taɓa jin sunan wannan ƙwaya ba, alhali matakan rage haɗarinta masu sauƙi ne. Mai ciki, musamman wadda ke da ƙaramin yaro a gida ko take aikin kula da yara, ta wanke hannu da sabulu bayan ta canja ƙunzugu ko ta share majina da yawu. Kada ta ci ragowar abincin yaro ko ta sha da kofinsa, kada ta sa cokalinsa ko buroshinsa ko robar tsotsonsa a bakinta, kuma idan za ta sumbace shi ta yi a goshi ko a ka, ta bar baki. Wannan ya shafi har wadda ta taɓa kamuwa, domin ƙwayar tana iya farfaɗowa ko a sake kamuwa da wani nau'inta, kuma a al'ummomin da kusan kowa ke ɗauke da ita, yawancin jariran da ake haifa da CMV 'ya'yan irin waɗannan mata ne.

Wasu na tsoron cewa faɗin haka zai sa uwa ta ɗora wa kanta laifi idan abin ya faru. Babu uwar da ke da laifi a kan ƙwayar da ba ta gani, wadda ke yawo a kusan kowane gida, kuma wajibi ne a faɗa mata hakan a fili. Amma ɓoye mata bayanin don a kare zuciyarta raina hankalinta ne. Mace mai ciki ana gaya mata ta guji wasu magunguna, ta guji hayaƙin taba, kuma tana ɗauka ta yi aiki da shi. Bayanin CMV bai fi minti biyu ba a ɗakin awo, kuma ya fi amfani idan ta ji shi tun kafin ta ɗauki cikin, ko a zuwanta na farko, tunda watanni ukun farko ne suka fi haɗari ga kunnen ɗan da take ɗauke da shi.